Kofi a Bakin Ƙaho

A Balparaiso, inda gidaje ke hawa kan juna
kamar awaki a jikin dutse,
Anselmo Quezada yana da ɗaki ɗaya, taga ɗaya,
da turombon da ya girmi 'yarsa da shekara shida.

Ranar Talata shugaban makaɗa ya ce masa:
a gaɓa ta arba'in da bakwai ka sa kofi.
Ina son muryar ƙasa, can ƙasa,
kamar jirgin ruwa yana sallama cikin hazo,
amma kada ta tashi jariri.

Kofin na gwangwani ne, ja da fari,
ana cusa shi a bakin ƙaho don a rage masa faɗa.
A sama ba laifi,
murya takan fito siririya, da kunya,
kamar mai magana ta bayan labule.
A tsakiya ma suna shiri.
Amma da Anselmo ya miƙe hannu,
ya tura bututun har iyakar kafaɗa,
ya nemi muryar ƙasa,
sai ƙaho ya yi gardama.
Ya yi gurnani, ya shaƙe,
ya yi tarin mai tsohuwar mura.
In sautin ya zo, a makare yake zuwa,
ya zauna a kujerar da ba tasa ba.

Ya zargi leɓensa.
Ya zargi haƙorin da likita ya cire masa bara.
Ya zargi shekara sittin da ɗaya,
da matakala ɗari biyu da yake hawa kafin ya kai gida.
Da dare ya ɗauko zarto,
ya goge tosan nan uku da ke riƙe kofin,
yana cewa, bari ya shige sosai, ko ya ji magana.

Ya shige. Abin ya ƙara lalacewa.
Ranar gwaji kuwa, ana tsit,
kofin ya suɓuce, ya faɗi ƙwal,
ya gangara yana kuka har ƙafar masu goge.
Wata yarinya ta ciji leɓe don kada ta yi dariya.
Ta yi.

A bakin tashar jiragen ruwa akwai Griselda Oyarzo,
mai gyaran fitilu da agogo da duk abin da ya daina numfashi.
Ta juya kofin a hannu, ta leƙa bakin ƙahon,
ba ta tambayi shekarunsa ba.
Ta ciro toton tsohuwar komar kamun kifi,
ta yanka uku, masu kauri,
ta manna, ta hura, ta jira.

Ka matse shi da yawa, in ji ta.
Ƙaramar murya tana bi ta kafar allura,
babba sai an buɗe mata ƙofa biyu.
Ka bar tsakaninsu faɗin ɗan yatsa.
Ba naka ba, nawa.

Daren Asabar, zaure ya cika da tari da turare.
Arba'in da biyar. Arba'in da shida.
Anselmo ya ja iska tun daga tafin ƙafa,
ya miƙe hannu har iyakar kafaɗa.

Ta zo.
Ba sumul ba, da ɗan kaushi a gefenta,
kamar igiyar da ta kwana cikin gishiri,
amma ta zo a kan lokaci,
ta bi ƙarƙashin kujeru, ta taɓa takalman mutane.
Shugaban makaɗa bai ko kalle shi ba,
wanda a wurinsa shi ne yabo.

Ya hau matakala ɗari biyu da akwati a kafaɗa.
A ta saba'in ya tsaya ya huta,
ya shinshina yatsunsa.
Har yanzu ƙarnin kifi.